Jirgin Mista Walter da Maɗacin Gaya

Tompkinsville, Staten Island
12 ga Maris

Zuwa ga Baffa Kadri,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ku da Inna da Nafissa da yaranta da duk mutanen bakin ruwa. Yaya kunnen? Nafissa ta ce yanzu ko injin jirgi ya tashi kusa da ku ba kwa juyowa, shi ya sa na daina roƙon a miƙa muku waya. Hajiya Salamatou mai shago a Fordham Road za ta Yamai jibi, ita za ta ba direban Gaya takardar nan. Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu in sanyi ya yi yawa. Na duba littafina na kullum, sau shida ta dame ni a watan jiya.

An sauya mini wurin aiki. Yanzu ina wurin wani dattijo, Mista Walter, shekararsa tamanin da huɗu. Yana saurayi ya yi aiki a inda ake ƙera jiragen ruwa a Brooklyn. Hannunsa na rawa, don haka shi ke faɗa, ni ke yi.

Jirgin da muke yi tsoho ne, daga zanensa muke maimaita shi. Sunansa Demologos. A nan New York aka ƙera shi a shekarar 1814, lokacin da Amurkawa ke yaƙi da Ingila, suna tsoron a shigo musu ta ruwa. Mista Walter ya ce shi ne jirgin yaƙi na farko da tururi ke turawa. Na tambaye shi sau biyu ko ya tabbata, ya ce in je laburare in duba. Na je. Haka ne.

Ga abin da zai ba ku mamaki. Jirgi biyu ne aka jera kafaɗa da kafaɗa, aka rufe su da daɓe ɗaya. A tsakaninsu aka bar wa ruwa hanya, aka sa wata ƙatuwar taya mai filafilai, a ɓoye, don kada harsashin igwa ya same ta. Tukunyar tururi tana cikin ɗaya, injin yana cikin ɗayan. Kaurin katakon jikinsa ya kusa tsayin Inna. Tsawonsa wajen mita arba'in da bakwai, faɗinsa sha bakwai. Gabansa da bayansa kusan iri ɗaya ne, har yau in na ɗauki zanen sai na jujjuya shi kafin in gane inda na dosa.

Kafin a gama shi yaƙin ya ƙare. Wanda ya zana shi, Fulton, ya mutu bai ga tafiyarsa ta farko ba. Jirgin bai taɓa harbin kowa ba. Aka ɗaure shi a Brooklyn, sojojin ruwa na kwana a ciki kamar masauki, har wata rana a 1829 albarushin da ke cikinsa ya kama wuta, ya tarwatse, mutum fiye da ashirin suka mutu. Na yi kwana biyu ina tunanin wannan, ban san dalili ba.

Yanzu ga damuwata. Sau uku muna sa namu a ruwa, sau uku yana kwantawa gefen hagu. Mista Walter ya ce, “Habi, hannunka ne.” Na ce, “Zanenka ne.” Ya ce, “Zanen nan ya girmi kakan kakanka, ka yi masa ladabi.” Sai zuciya ta ɗebe ni na ce masa ai ni ɗan masassaƙa ne, ubana da ƙanensa sun cika kogin Kwara da jirage. Ya yi dariya har da tari, ya ce to ɗan masassaƙa ya tambayo gida.

Baffa, kunya ta kama ni, don ban taɓa riƙe gizago ba sai in zan miƙa wa marigayi Baba. Ina jin tun farko muka yi kuskure. Don Allah ku faɗa mini, ta ina ake fara jirgi?

Ɗanku,
Habibou

Gaya, bakin ruwa
Bayan ƙaramar Sallah da kwana tara

Ɗana Habibou,

Na ga takardarka. Na karanta ta sau huɗu, layin ƙarshe kuwa ban ƙirga ba. Lafiyarmu ƙalau. Kunne ya tafi, ido yana nan da tabarau. Uwarka ta ce ka shafa man kaɗanya a gwiwar.

Shekara ashirin da tara nake jiran tambayar nan. Ka tafi lakwal, makarantar boko, a Dosso kana ɗan sha biyu, amma ka san ƙa'idar gidanmu. Ba ma kiran yaro zuwa ga gizago. Sai ranar da ya buɗe baki da kansa ya tambayi babba ta ina ake fara jirgi. Ran nan ya shiga sana'a, ran nan itacensa ya isa sara. Ubanka ya tambaya yana sha huɗu, ni ina sha shida. Kai kana arba'in da ɗaya. Babu laifi.

Amsarka ita ce, daga itace ake farawa. Maɗacin da ubanka ya dasa ranar sunanka, wanda nake aiki a inuwarsa, yanzu mutum biyu ba sa rungume shi. Na je wurin masu gandun daji na karɓo takardar izini. In damina ta ja baya za mu kayar da shi.

Ka gaishe mini da maigidanka Bature. Ka bi abin da bakinsa ya ce, hannu ne kawai ya gaji. Amma ka gaya masa babu itacen da zai ba da mita arba'in da bakwai a ƙasar nan. Naka na fari mita takwas zai yi, guda biyu a jere, yadda ka kwatanta. Igwa kuwa ba ruwanmu da ita, kada ka sake rubuta sunanta a takarda, hanya da nisa, ba ka san hannun da za ta bi ba.

Na gaya wa mutanen bakin ruwa. Ismaël mai jirgin inji, wanda ya sha faɗa cewa gidanmu a kaina zai ƙare, ya tsaya yana duban ƙasa. Ban ji abin da ya ce ba, kuma ban yi asara ba.

Baffanka,
Kadri

Tompkinsville
20 ga Yuni

Nafissa,

Ina gaishe ki da yara. Yaya tarin ƙaramar? Na rubuto ne don jiya a waya kin yi ta dariya ban samu na kai ƙarshen magana ba.

Ina ajiye kwafin duk takardar da na aika. Na ɗauko ta Maris na bi ta layi layi da biro. Babu inda na ce jirgin ƙarami ne. Babu. Na rantse a kaina na ce, amma a takarda ban ce ba. Nafissa, jirgin nan a kan teburin cin abinci yake. Ruwan da muke sa shi a ciki, bahon wankan Mista Walter ne. Da gam da ɗan zarto muke aiki.

Na san me ya sa ban faɗa ba. In na ce baho, sai in faɗi me nake yi a banɗakin wani tsoho. Aikina shi ne in yi masa wanka, in sa masa kaya, in ba shi magani da ƙarfe takwas da ƙarfe biyu. Shekara tara ina irin wannan aiki, Baffa yana tsammanin ina kamfani. Sai na tsallake bahon, na ba shi awon jirgin gaske daga laburare, don in nuna na yi bincike.

Ƙa'idar tambayar kuwa, wallahi ban tuna ba. Ko na tuna? Tun da takardarsa ta zo nake juya wannan. Na duba littafina, ranar sha ɗaya ga Maris na rubuta, “Na yi mafarkin Baba.” Shi ke nan abin da na rubuta, ban ce me na gani ba. Yanzu ban san ko tambaya na yi ko bakina ne ya zame ba.

Na roƙe ki ki rubuta masa gaskiya a takarda ki nuna masa. Kika ce, “Ni, Yaya? Mutumin da ya wasa gizago uku tun da wasiƙarka ta zo, har ya koma cin tuwo kwano biyu? Kai ka ɗaura, kai za ka kwance.” Kina da gaskiya. Amma ki tuna a ƙarƙashin itacen nan Baba ya yi aiki har ya rasu, kuma ɓawonsa Inna ke jiƙawa in cikinta ya tashi. Ba zan so a sare shi don abin da ke yawo a baho ba.

Ga tawa takardar zuwa gare shi a ciki. Sau biyar na sake ta. Ki miƙa masa hannu da hannu.

Yayanki,
Habibou

Tompkinsville
20 ga Yuni

Zuwa ga Baffa Kadri,

Gaisuwa da ladabi, da fatan damina ta sauka lafiya. Na gode da amsarku, ta taɓa ni ƙwarai. Man kaɗanya ya yi amfani.

Baffa, ina ganin ƙila ban yi bayani yadda ya kamata ba. Jirgin namu bai kai yadda ƙila kuke tsammani ba. Ƙarami ne ƙwarai. Ni ma ban kai a kira ni masassaƙi ba, kuma aikin da nake yi wa Mista Walter ƙila ba irin wanda kuke zato ba ne, ko da yake akwai jirgi a ciki. Game da maɗacin, ƙila da za a ɗan dakata, in babu damuwa, tunda itace ne mai daraja, ni kuma ban cancanta ba. Amma ku ne manya, ƙila kun ga abin da ban gani ba.

Ɗanku,
Habibou

Gaya
Watan goma, kwana shida

Ɗana Habibou,

Takardarka ta daɗe a hanya, an ce Hajiyar ta biya Makka. Muna lafiya. Ruwa ya cika ya fara komawa.

Na ga tawali'unka. Haka ubanka ya yi, ana gobe za a sare nasa ya ce bai isa ba, kakanka ya ce wanda ya ce ya isa shi ne ba a ba shi gatari. Ƙarami ka ce. To da babba ake farawa?

Ranar Alhamis da ta wuce muka kayar da shi. Mutum shida, tun hantsi har la'asar. Ban ji faɗuwarsa ba, amma na ji ta a ƙafafuna. Uwarka ta yi kuka kaɗan, sannan ta cika buhu biyu da ɓawo. Lafiyayye ne har zuciya, babu rami ko ɗaya. Ya ba da gungume biyu, na gindi mita takwas, na sama bakwai da rabi. Na kafa rumfar zana a wurin, don rana ta yi yawa yanzu.

Na fara rarake na gindi don ka tarar da abin koyi. Batun kwantawa gefen hagu, na zana shi a ƙasa na gane. Tukunya da ruwa a ciki ta fi injin nauyi. Ka auna su, ka cika wa marar nauyin da dutse, can ƙasa, ba a sama ba.

Tayar tsakiya ce ta hana ni sakat. Wa ke juya ta in babu wuta? Na yi tunanin ƙafar keke. Ismaël kullum sai ya biyo ya rubuta mini a ƙasa da sanda, “Sojan Amurka ya iso?” Ni kuma in share da ƙafa. Yaushe za ka zo? Rubuta wata da rana.

Baffanka,
Kadri

Tompkinsville
9 ga Nuwamba

Baffa,

Ina gaishe ku. Ina lafiya. Zan faɗi magana a miƙe, don na ga kewaye-kewayena ne ya kayar da itacen.

A cikin ambulan ɗin nan akwai zare. Tsawon zaren shi ne tsawon jirginmu, daga kai zuwa kai. Abin ado ne, na ajiyewa a kan kabad. A bahon wanka muke gwada shi. Mista Walter ba maigidan sana'a ba ne a wurina, majinyaci ne. Ina yi masa wanka, ina yanke masa farce, ina kai shi likita. Wannan ne aikina tun da na zo ƙasar nan, ban taɓa gaya muku ba. Da na yi tambayar nan, gyaran abin wasa nake nema.

Da takardarku ta zo na karanta ta a jirgin fito, ina dawowa daga wurin Hajiya. Jirgin ya tsaya, kowa ya sauka, ni ina zaune, sai da ma'aikaci ya zo ya taɓa kafaɗata. Da na isa, Mista Walter ya ce, “Wa ya mutu?” Na ce itace. Na ba shi labari duka. Ya ce, “Shekara arba'in da ɗaya? Habi, kai wawa ne.” Na ce na sani. Ya ce, “To sa dutsen mu gani.”

Na sa ƙananan ƙusoshi a maimakon dutse, can ƙasa, gefen injin. Baffa, ya tsaya cak. Ya ƙetare bahon ya dawo bai karkata ba. Tsohon ya ce in gaya muku masu zanen laburare su zo su koya a wurinku. Ban san ko wannan zai yi muku daɗi ko zai ƙara ɓata muku rai ba. Na rubuta, na soke, na sake rubutawa.

Ku yafe mini. Ban san me za a ce wa mutanen bakin ruwa ba.

Ɗanku,
Habibou

Gaya
14 ga Disamba

Yaya Habibou,

Muna lafiya, tarin ya warke. Ka daina kirana sau uku a rana, babu sabon labari, shi ya sa na rubuto ka riƙe a hannu.

Baffa ya karanta takardarka a rumfa, ina tsaye. Ya warware zaren, ya ɗora shi a kan gungumen da ya rarake, ya daɗe yana kallo. Sannan ya naɗe shi ya sa a aljihu, ya shiga gida. Kwana takwas bai fita bakin ruwa ba. Tuwo ya koma rabin kwano. Inna ta ce, “Wankan tsoho ne abin ɓoyewa? Wa ya wanke ubansa da yana jinya, ba Kadri ba?” Ni ma da hannuna a ciki, da na nuna masa gaskiya tun Yuni da itacen na tsaye.

Bai gaya wa kowa ba. Mutane na tambaya, yana nuna kunnensa. Jiya ya fita, ya zagaya gungume na biyu, ya nemi in kawo masa biro.

Ƙanwarka,
Nafissa

Gaya
Watan sha biyu, kwana sha biyar

Habibou,

Muna nan.

Na auna zaren. Kamu ɗaya da rabi.

Aikinka ba shi ya ɓata mini rai ba. Ni ma na kusa neman mai yanke mini farce. Abin da ya ɓata mini rai, takardarka ta damina. Na ɗauko ta na ƙirga, “ƙila” biyar a ciki. Mutum kurma ne, ido kaɗai ya rage masa, kai kuma ka aiko masa da hazo. Ni ma da laifina. Na ga abin da nake so in gani. Jirgin da ka ba ni labari, an gama shi bayan yaƙi ya wuce, da na karanta na yi wa masu shi dariya.

Itace ya faɗi, ba ya komawa. Na gindi zan ƙarasa shi kwalekwale, uwarka ta ba wanda take so. Na sama ya fara tsagewa a kai. In zafi ya shigo ba a taɓa shi ba, sai dai murhu. Ismaël ya nemi in ba shi a yanka masa katako. Bai san komai ba, yana tsammanin ka fasa ne.

Naka ne, ba nawa ba. In rarake, ko in ba shi? Kalma ɗaya nake so. In ka aiko da shafi biyu ba zan karanta ba.

Ka ce wa Baturen na ji daɗi da jirgin ya tsaya daidai.

Kadri

Tompkinsville
3 ga Janairu

Baffa,

Ina gaishe ku da Inna. Lafiyata ƙalau. Ba shafi biyu ba ne.

Kada ku rarake, kada ku ba Ismaël. Ku shafe kan da ya tsage da laka, ko abin da ake yi masa, ku kuka sani.

Takardun izinin zamana a ƙasar nan sun fito shekara biyu da suka wuce. Ban faɗa ba, don ban san da wace fuska zan zo ba. Na nemi hutun sati shida, an ba ni. Wata 'yar Ghana, Afua, za ta riƙe Mista Walter, na rubuta mata lokutan maganinsa a jikin firji. Ya ce in ban dawo da kantar gizago a tafin hannu ba kada in shigo masa gida. Zan sauka Yamai ranar goma ga Fabrairu, in kwana, in iso Gaya sha ɗaya.

Mutanen bakin ruwa ni zan gaya musu da bakina, har da bahon.

Ku ware mini gizagon da ya fi sauƙi. Zan lalata gungumen nan, na sani, kuma Ismaël zai zo kallo. Ku ce masa ya zo da kujera, aikin zai daɗe.

Ɗanku,
Habibou